Ɗakin da Ya Ƙetare Ruwa

Mu biyar ne daren farko,
a bayan shagon Nolfa Oyarzo,
tsakanin buhunan dankali da igiyar jirgi,
ruwan sama na dukan rufin katako
kamar mai bin bashin da ya gaji da jira.
Tsoho Eliodoro muka binne da hantsi.
Duwatsu talatin da ɗaya ke kwance a mashiginmu,
shi kaɗai ya san sunan kowanne,
mu kuwa ba mu taɓa tambaya ba.

Nolfa ta ce, “Rumbu ya ƙone muna jin ɗumi.”
Aka miƙo mini littafi, wai ni ne magatakarda
don na taɓa aiki a gidan waya.
Kuɗin shiga ƙwai shida, ko abin da ya sawwaƙa.
Suna kuwa sai da ya ci mana dare uku:
Ƙungiyar Tarihin Ƙananan Tsibiran Chiloé.
Ya yi mana yawa, kamar rigar aro.

Muka sayi rikoda, muka bi gaɓa a kwalekwale.
Ismenia Barría ta ƙi buɗe baki
sai da na riƙe mata ulu tana kaɗi.
Can mazari ya tsaya, ta faɗi shekarar girgizar ƙasa,
yadda teku ya ja baya ya bar kifi na tsalle a taɓo,
yadda ƙanenta ya ruga da kwando.
Daga nan kaset ya yi ta juyi a banza.
Ban goge shirun ba, yana nan, lamba ta tara.

Wani ya kawo akwatin wasiƙun ubansa
daga wajen sausayar tumaki a Patagoniya;
ɓeraye sun ci kwanan wata, sun bar kewa.
Wa da ƙane suka ba da labarin gobara ɗaya,
wannan ya ce fitila, wancan ya ce ganganci.
Na rubuta duka biyun, shafi na kallon shafi,
su ci gaba da gardamarsu bayan mun tafi.

Ranar da ta fi nauyi,
takardar safiyo ce ta faɗo daga rajistar coci:
kakan Nolfa ya matsar da dutsen iyaka,
ya cinye gonar wata gwauruwa.
Na ninke ta, zan tura ƙarƙashin tari.
Nolfa ta kama hannuna, nata na rawa.
“Mu ba maroƙa ba ne, Baldovino.
Sa ta inda kowa zai gani.”
Wata guda ba ta zo taro ba. Sannan ta zo, da ƙwanta shida.

Shekara goma sha huɗu, muka sami ɗaki namu,
sai teku ya fara lasar gindinsa.
A nan in gida zai tashi, da bangonsa yake tashi.
Aka kira gayya.
Gumagumai a ƙasa, bijimai ashirin a gaba,
maza na ihu, mata na tona ramin gashi,
ɗakin ya yi nishi, ya gangara, ya hau ruwa.
Ni ina ciki, rungume da kwalin kaset,
ina leƙen garinmu ta taga yana ja da baya.

A tsakiyar mashigi wani abu ya gogi daɓen,
ƙurrr, har cikin haƙorana.
Jikar Ismenia ta ɗago wayarta daga kwalekwale:
“Kaka, wannan dutsen me sunansa?”
Na duba bayana in ga da wa take.

Daga talatin da ɗayan Eliodoro
sha tara muka tsinto, a bakin wannan da wancan.
Wannan ba ya ciki.
Na buɗe littafi a gwiwa, ruwa na shigowa takalmina,
na rubuta ashirin,
na bar masa fili.